Kakanmu da Gawon Gonarsa

Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, bai iya zaman zaure ba. Da an sallame Asuba sai ya ɗauki sanda da buta ya nufi gonarsa a bayan garin Babura, ko da rani ne. Da inuwar sandar yake gane shigar Azahar.

Shi ya nuna mana yadda gawo ke kaɗe ganye da damina, gero ya samu rana da taki a gindinsa, sannan ya yi kore shar da rani. Bai taɓa yarda a sa masa gatari ba, domin a wurinsa inuwar da makiyayi ya sha sadaka ce.

Bana aka raba gado. Gawon ya faɗa rabon baffanmu, wanda bashi ya yi wa katutu, masu gawayi kuma sun zo tayi sau biyu. Har yanzu bai ba su amsa ba.