Sotigi Kuyate: Dogon Dattijon da Ya Yi Ta Neman Ɗansa a Titunan Landan



A gidan da muka tashi, silima ba abin ambato ba ne a gaban manya. Mahaifinmu limami ne, kuma a wurinsa ɗan wasan kwaikwayo da ɗan kama duk kanwar ja ce: mutane ne da suka mai da shiririta sana'a. Da wannan ra'ayi muka girma, har yau ma ba mu yar da shi gaba ɗaya ba. Sai dai akwai fuska guda da ta sa muka sake auna maganar, fuskar wani dogon tsoho siriri mai tukkayen gashi, wanda ke tafiya sannu da sanda kamar mai tsoron tada ƙura. Da yawanku sun gan shi a talbijin ba su san sunansa ba, domin sau da yawa ba shi ne jarumin fim ba. Shi ne kaka, ko malami, ko baƙon da ke zaune a gefe. Sunansa Sotigi Kuyate.

Za mu fara da aikin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa, don shi ne ya fi shafar gidajenmu. A ranar 7 ga Yuli 2005 aka tayar da bama-bamai a cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da motar bas ɗaya a birnin Landan, mutum 52 suka rasa rayukansu, ban da su huɗun da suka kai harin. A 2009 Rashid Bushareb, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, ya fitar da fim mai suna London River a kan kwanakin da suka biyo bayan wannan masifa. Kuyate ya fito a matsayin Usman, Musulmi ɗan Afirka mai aikin gandun daji a Faransa, wanda rabonsa da ɗansa Ali tun yaron yana shekara 6. Uwar yaron ce ta aiko daga gida cewa an daina jin ɗuriyarsa, sai ya tashi ya tafi nema, alhali ba ya jin Ingilishi, kuma ko a hanya suka yi kiciɓis ba zai shaida shi ba. Can ya gamu da wata Baturiya Kirista, manomiya, ita ma tana cigiyar ƴarta. Da ya nuna mata hoton da ƴaƴansu biyu ke ciki tare, ƴan sanda ta kira masa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne tsoron da ke cikin zuciyar Usman, wanda ya daɗe bai furta ba. Ita matar tana tsoron kada a ce ƴarta ta mutu. Shi kuwa tsoronsa biyu ne: kada ɗansa ya kasance cikin waɗanda aka kashe, kada kuma ya kasance cikin waɗanda suka yi kisan. Ba shi da abin da zai rantse da shi a kan halin yaron, tunda bai rene shi ba. Kuyate bai nuna wannan da kuka ko ɗaga murya ba; da zama ya nuna shi, da yadda yake riƙe ƴar jakarsa a kan cinya a ofishin ƴan sanda da ƙofar asibiti. Daga bisani ta bayyana cewa yaran biyu suna cikin fasinjojin bas ɗin da aka tarwatsa. Duk uban da ya tafi ci-rani Legas ko Libiya ko Faransa ya bar yara ƙanana, yana aiko da kuɗi yana ganin ya sauke nauyi, to wannan fim da shi yake magana. A watan Fabrairu 2009 bikin fina-finai na Balin a Jamus ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa saboda wannan rawa, yana da shekara 72.

An haife shi a Bamako ranar 19 ga Yuli 1936, ya girma a ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin, wato Burkina Faso ta yau. Gidansu gidan jali ne. A nan sai mun yi hattara, don idan muka fassara jali da maroƙi mun rage masa daraja. A ƙasar Mande jali shi ne ma'ajin tarihi da salsalar dangi, shi ke shiga tsakani idan an yi saɓani, shi ke kai maganar aure. Zuriyar Kuyate kuwa, bisa abin da ake ruwaitowa, su ne jalin gidan sarautar Keita tun zamanin Sunjata, a ƙarni na 13. Duk da haka ba da wasa ya fara ba. Ya taɓa sana'o'i iri-iri, ya yi aikin gwamnati, kuma ya buga ƙwallon ƙafa har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa. Sai a 1966, yana ɗan shekara 30, ya hau dandamali, ya kuma kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo.

Mutanen Nijar na da rabo a farkon tafiyarsa ta silima. Marigayi Mustafa Alasan ya sa shi cikin FVVA a 1972, fim ɗin da ke yi wa ƙananan ma'aikata ba'a a kan kwaɗayin mace da gida da mota da kuɗi, sa'an nan ya sake sa shi cikin Toula. Shekaru bayan haka ya fito a wata ƴar gajeruwar rawa cikin fim ɗin Bertolucci na 1990, The Sheltering Sky, wanda aka ɗauki wani sashensa a yankin Agadas.

Babban juyi ya zo ne ta hannun Peter Brook, Baturen Ingila mai shirya wasanni a Paris. Ya ɗauke shi cikin Mahabharata, tsohon labarin Indiya, wasan da ke cin awa 9, wanda aka fara nunawa a Abinyo a 1985, aka kuma mai da shi na talbijin a 1989. Kuyate ne Bhishma, dattijon da ya yafe gadon sarauta ya yi alkawarin ba zai yi aure ba. Daga nan ya zauna a Faransa, ya yi shekara kusan 20 yana aiki da Brook.

A cikin ayyukan da suka yi tare, wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2004, inda ya fito a matsayin Cerno Bokar, malamin Bandiyagara, wanda almajirinsa Amadu Hampate Ba ya rubuta tarihinsa. Masu karatu ƴan ɗariƙa sun san zancen: saɓanin da ya tashi cikin Tijjaniyya a kan karanta Jauharatul Kamali sau 11 ko sau 12, yadda Cerno ya je Niyoro ya bi Shehu Hamallah, yadda danginsa suka juya masa baya, da yadda Turawan mulkin mallaka suka tsoma hannu har suka kai Hamallah Faransa, inda ya rasu a 1943. Turawan da suka cika zauren kallo a Paris, watakila wannan ne karon farko da suka ga malamin zaure na Afirka ta Yamma yana karantarwa a kan tabarma.

Wani fim da muke so iyaye su nema shi ne Keïta! na 1995, wanda ɗansa Dani Kuyate ya shirya. Tsohon jali ya taso daga ƙauye ya sauka a wani gida a Wagadugu don ya sanar da yaro Mabo asalin sunansa. Yaro ya kamu da labarin har ya fara gudun lakwal, malaminsa ya fusata, uwa da uba suka saɓa. Mu da muka yi allo da asuba muka ɗauki jakar boko da hantsi, mun san wannan ja-in-ja a jikinmu, kuma fim ɗin bai yi wa kowane ɓangare rufa-rufa ba.

Ba duk abin da ya yi muke yabawa ba. A 1999 ya fito cikin La Genèse na Shek Umar Sisoko, ɗan Mali, fim da harshen Bambara wanda aka ɗauko daga littafin Farawa na Baibul, kuma shi ne ya taka rawar Yakubu. Mun san masu fim ɗin rikicin manoma da makiyaya suke son haskawa, kuma masana sun yaba aikin har aka nuna shi a bikin Kan. Amma a wurinmu Yakubu Annabin Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma jumhurin malamai ba su yarda mutum ya siffanta Annabi a wasa ba. Mustafa Akkad ya shirya Arrisala a 1976 ba tare da ya nuna fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, fim ɗin kuma bai ragu da kome ba. Wannan kam ba mu ba da shawarar a sa shi a gida ba.

A 1997 ya haɗa kai da wasu abokan aiki suka kafa ƙungiyar wasa ta Mandeka a Bamako. A 2001 ya yi Little Senegal da Bushareb, inda ya fito a matsayin tsohon mai yi wa baƙi jagora a gidan bayi na tsibirin Gore, wanda ya tafi Amurka neman jikokin danginsa da aka sayar. Lokacin da aka ɗauki London River ciwon huhu ya riga ya ci jikinsa, ramar da ake gani a fim ɗin ba ta kwalliya ba ce. Ya rasu a Paris ranar 17 ga Afrilu 2010, wata 14 bayan kyautar Balin, yana da shekara 73, aka kai gawarsa Burkina Faso aka binne.