Ciyayya a Bakin Masallacin Koudoukou: Kalma da Al'ada a Tsakanin Al'ummu

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan al'adar ciyayya, tare da kawo misali daga unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci ginin kalmar, sannan ya ga yadda al'adar take kasancewa idan Bahaushe ya zauna cikin wasu al'ummu masu nasu irin girki.

2.0 Ma'anar Ciyayya

An samo kalmar ciyayya daga aikatau ci, aka ɗafa masa ɗafa-ƙeyar -ayya, wadda kan nuna aikin da ake yi wa juna. Irin wannan gini ne ake samu a soyayya daga so, da ƙiyayya daga ƙi. Ke nan ciyayya ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, kuma ta bambanta da sadaka. A sadaka akwai mai bayarwa da mai karɓa, amma a ciyayya kowa mai bayarwa ne, kowa mai karɓa ne.

A ƙasar Hausa ciyayya iri biyu ce. Ta farko ita ce ta magidanta, inda kowa kan sa a fito da akushinsa zaure ko ƙofar gida bayan sallar magariba, a haɗu a ci. Ta biyu ita ce ta mata, wadda ake aiken yara da kwano gida-gida, musamman da azumi da sallah. A bisa al'ada, ba a cika mayar da kwano wayam ba.

3.0 Unguwar Kilomita Biyar

Faransawa ne suka kafa Bangui a shekarar 1889, a bakin kogin Ubangi. Unguwar ta samu sunanta ne daga tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar gari. A nan babbar kasuwa take, kuma a nan Musulmi 'yan kasuwa suka taru: Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali, tare da 'yan ƙasa Musulmi da Kirista. Babban masallacin Juma'a yana yankin Koudoukou, sunan da ke tunawa da Laftanar Georges Koudoukou, wanda ya yi yaƙi a Bir Hakeim a 1942. Harshen Sango shi ne ya haɗa kowa a kasuwa.

4.0 Abin da ke Cikin Kwano

Babban abincin mutanen Bangui shi ne gozo, wato tuwon rogo. Ana jiƙa rogon, a shanya, a niƙa, sannan a tuƙa garin a tafasasshen ruwa. Ana cin sa da ngunza, wato dakakken ganyen rogo da akan dafa da manja da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Bahaushe kuwa tuwon hatsi ya gada, da miyar kuka ko kuɓewa, da ƙosai da kunun gyaɗa. Larabawan Cadi suna da nasu tuwon gero da kuma kisra, wadda ta fi sinasir faɗi. Bafulatani na da nono da man shanu, mutumin Senegal kuma dafa-dukan shinkafa da kifi.

Lokacin buɗa-baki a harabar masallaci ne waɗannan girke-girke suka fi haɗuwa a tabarma ɗaya. Da babbar sallah kuma naman layya kan tsallaka har gidajen maƙwabtan da ba Musulmi ba.

A nan akwai darasi ga ɗalibin harshe. A Hausa, koko abin sha ne da ake damawa da gasara. A Sango kuwa, koko ganyen wata tsirar daji ce mai yaɗo, wanda ake yankawa ƙanana a yi miya. Furuci kusan ɗaya, ma'ana daban. Wanda aka yi wa alkawarin koko a Bangui sai ya tambaya da wane harshe aka yi masa. A ɗaya ɓangaren kuma, nama a Hausa da nyama a Sango sun yi kama a furuci da ma'ana.

5.0 Iyakokin Ciyayya

Hausawa na cewa abincin wani gubar wani. Musulmi ba ya cin naman alade ko wanda ba a yanka bisa shari'a ba, ga shi kuma naman daji yana da farin jini a ƙasar. Saboda haka kwanon da zai fito daga gidan Kirista zuwa na Musulmi ya fi sauƙin karɓuwa idan kifi ne ko ganye. Wannan ya nuna cewa ciyayya tana buƙatar sanin juna, kuma ginshiƙinta amana ce, domin mai ci bai ga yadda aka dafa ba.

Wannan amana ta jijjiga matuƙa. A watan Maris na 2013 'yan Seleka suka ƙwace Bangui, sannan ranar 5 ga Disamba na shekarar 'yan Anti-balaka suka kai wa birnin hari. Dubban Musulmi suka gudu Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a Kilomita Biyar, wasunsu a harabar masallacin. Inda babba ba ya iya ƙetara titi, ba a aiken yaro da kwano. Shi ya sa ziyarar da Fafaroma Francis ya kai wannan masallaci ranar 30 ga Nuwamba, 2015 ta yi nauyi a idon jama'a.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ɗafa-ƙeyar -ayya tana ɗauke da sharaɗin al'adar baki ɗaya, wato sai da ɓangare biyu. Ana so ɗalibi ya tattara sunayen abinci goma na wata al'umma da ke maƙwabtaka da shi, ya bayyana kowanne da Hausa, ya kuma nuna wanda ya taɓa shigowa gidansu a kwano.