Bindiga A Ƙugu Ko A Ƙarƙashin Riga: Tsaka-Mai-Wuyar Masu Kantuna A Amurka

Wanda duk ya sami kansa a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, ya tsaya a ƙofar wani kanti ko gidan cin abinci, yana iya yin kiciɓis da alluna manne a jikin gilashi, an rubuta su da Turanci da Sifaniyanci, da haruffan da doka ta ce kada tsayinsu ya gaza inci ɗaya. Ɗaya ana ce masa 30.06, ɗayan kuma 30.07, wato lambobin sassan dokar hukunta laifuffuka ta jihar. Na farko yana hana mai lasisi shiga da ƙaramar bindiga a ɓoye, na biyu yana hana shi shiga da ita a bayyane, rataye a ƙugu cikin kubenta. Mai kanti yana da ikon manna ɗaya ya bar ɗaya. Da jihar ta halatta yawo da ƙaramar bindiga a fili daga ranar 1 ga Janairun 2016, sai manyan kamfanoni irin su H-E-B da Whataburger suka hana ta bayyane, suka ƙyale ta ɓoye. Wato dai cewa suke yi, shigo da abarka, amma kada idonmu ya gan ta.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. To amma tun da gwamnatin Zamfara ta fito a watan Yunin 2022 ta ce talakawa su nemi lasisin bindiga domin kare kansu daga 'yan fashin daji, maganar ba wa farar hula makami ta bar teburin mai shayi ta koma bakin masu mulki. Saboda haka ba laifi mu leƙa ƙasar da ta riga kowa bin wannan hanya, mu ga abin da ya biyo baya a bakin kasuwa.

Tushen maganar shi ne gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan gyara ya ba kowane mutum haƙƙin ajiye bindiga a gidansa, sannan a Yunin 2022, cikin shari'ar Bruen, ta ƙara da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Ya zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 sun daina neman lasisi kafin mutum ya sa bindiga a jikinsa. Sai dai kundin tsarin mulki gwamnati yake ɗaure wa hannu, bai ɗaure na mai shago ba. Kanti mallakar mai shi ne, yana iya gindaya sharaɗin shiga kamar yadda maigida yake yi a zaurensa. A nan haƙƙi biyu suka yi karo, kuma Ba'amurke yana ji da kowannensu kamar ransa.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, a da akasin haka ake kallon lamarin. A 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta ɓoye makami, kuma a 1850 babbar kotun Louisiana ta tabbatar da haramcin bisa hujjar cewa mai rataye da makaminsa a fili ya sanar da kowa matsayinsa, alhali mai ɓoyewa yana neman ya mamayi abokin faɗansa ne. Bahaushe ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Wanda ya rataya takobi a kafaɗa ranar hawa daban yake a idon jama'a da wanda ya soke wuƙa a hannun riga ya shiga taro.

A ƙarni na ashirin ne reshe ya juye da mujiya. A Mayun 1967 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya riƙe da bindigogi a fili, abin da doka ba ta hana ba a lokacin. Cikin 'yan watanni Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Ita kuwa ta ɓoye, wani mummunan al'amari ne ya wanke ta a Teksas. A Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa da mota cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen, ya harbe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota don gudun saɓa wa doka, aka kuma kashe mahaifinta da mahaifiyarta a wurin. Shaidar da ta riƙa bayarwa ta taimaka wajen samar da dokar da Gwamna George W. Bush ya rattaba wa hannu a 1995. Daga nan mai ɓoye bindiga ya zama mutumin kirki mai lasisi, mai nuna ta kuwa ya zama abin tsoro.

Su kansu ma'abota bindiga bakinsu bai zo ɗaya ba. Masu son bayyanawa suna cewa ganin makami kaɗai yakan sa ɓarawo ya canza shawara, kuma ya fi saurin zarowa. Masu son ɓoyewa suna amsa musu da cewa ɗan fashin da ya shigo banki, mai bindiga a ƙugu zai fara harbi, ga kuma haɗarin a fizge ta daga baya. 'Yan sanda na da nasu ƙorafin. A Yulin 2016, lokacin da wani ya harbe jami'ansu biyar a Dallas ana tsakiyar zanga-zanga, akwai masu zanga-zangar da ke rataye da manyan bindigogi bisa doka, sai da 'yan sanda suka sha wahala kafin su rarrabe mai harbi da mai gudu. Kuma wannan 'yanci bai zama ɗaya ga kowa ba: a Agustan 2014 'yan sanda suka harbe wani baƙar fata, John Crawford, cikin kantin Walmart a Ohio, jihar da ta halatta yawo da bindiga a fili, alhali bindigar iska ce a hannunsa, wadda ya ɗauko daga kantar kayan sayarwa.

Ɗan kasuwa kuwa ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Kamfanin gahawa na Starbucks ya daɗe yana cewa shi dokar kowace jiha yake bi, har masu rajin bindiga suka mai da shagunansa wurin taron nuna godiya, masu adawa da su kuma suka yi kiran a ƙaurace masa. A Satumban 2013 shugabansa, Howard Schultz, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon masu saye kada su zo da bindiga. Ya fito fili ya ce roƙo ne, ba hani ba, domin ba ya son ya tura ma'aikatansa su tunkari mai makami. A 2014 Chipotle da Target suka bi sahu bayan wasu 'yan rajin bindiga a Teksas sun shiga shagunansu da manyan bindigogi suna ɗaukar hoto. Walmart bai motsa ba sai a Satumban 2019, wata guda bayan harin da aka kai kantinsa na El Paso, wanda ya ci rayuka 23. Shi ma roƙo ya yi a daina shigowa da bindiga a bayyane, ya bar masu lasisin ɓoyewa yadda suke.

A ganina wannan shi ne gaskiyar lamarin da ba a cika son faɗa ba. Allon da ke hana bayyanawa kwanciyar hankalin mai saye yake karewa, don kada uwa ta ga bindiga ta ja 'ya'yanta ta bar keken sayayya cike da kaya. Yawan bindigogin da ke cikin kantin bai ragu da ko ɗaya ba. Shi kuma allon da ke hana duka biyun, ba tare da na'urar bincike da mai gadi a ƙofa ba, mai bin doka kaɗai yake tsayarwa. A Teksas wanda ya taka allon tarar da ba ta wuce dala 200 ba ce a kansa, sai in an ce ya fita ya ƙi laifin yake girma. A jihohi da dama ma allon ba shi da ƙarfin doka ko kaɗan. A Yulin 2022 wani ɗan bindiga ya kashe mutum uku a cibiyar kasuwanci ta Greenwood Park a Indiana, wani saurayi mai shekara 22 ya harbe shi cikin daƙiƙa 15 da bindigar da ya shigo da ita a ɓoye, duk da cewa ƙa'idar wurin ta hana. Masu cibiyar da kansu suka yaba masa.

Labari ɗaya dai ba ya zama hukunci. John Lott ya wallafa littafi a 1998 yana cewa yawaitar masu riƙe bindiga na rage laifi, amma kwamitin masana na ƙasa da ya duba alƙalumansa a 2004 ya ce hujjar ba ta kai ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka gano cewa jihohin da suka sassauta ba da lasisi, bayan shekara goma laifuffukan zubar da jini sun fi yadda ya kamata su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Idan haka ne, abin dubawa shi ne wanda aka ba makamin da irin horon da ya samu, kuma wannan aikin hukuma ne. Jihar da ta soke lasisi ta sauke kayan ne a kan mai kanti, shi kuma ya ɗora wa yarinyar da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

Bayan shari'ar Bruen, jihohin New York da Hawaii suka yi dabarar juya ƙa'idar: maimakon a ce an yarda sai in mai kanti ya hana, suka ce an hana sai in mai kanti ya yarda. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wannan sashe a dokar New York, wata kotun kuma ta bar na Hawaii, a Oktoban 2025 Kotun Ƙoli ta amince ta saurari ƙarar Hawaii ɗin. Muhimmancin shari'ar a bayyane yake ga duk wanda ya san halin 'yan kasuwa, domin akasarinsu ba sa manna allo kowane iri, gudun kada su kori ɓangare ɗaya na masu saye. Abin da aka kai gaban alƙalan shi ne fassarar shirun mai kanti, ko izini ne ko hani.