Kwamfuta Ta Daskare: Kafin A Ce Ta Mutu, A Duba Layin Kiranta

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da tsofaffin kwamfutoci na hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar Kwatano, ya san wannan rigima. An gwada kaya a rumfa, lafiya lau. Bayan kwana uku sai ga mai saye ya dawo da ita a bayan babur, wai da zarar ya jona firinta ko ya kunna sauti sai ta tsaya cik, ba gaba ba baya. Shi yana neman kuɗinsa, kai kana rantse-rantse. Alhali sau da yawa babu abin da ya ƙone a cikinta.

Kowace na'ura da ke jikin kwamfuta, in tana son ƙwaƙwalwar kwamfutar ta saurare ta, tana da layin da take kira ta kansa. Masana suna ce masa IRQ. A tsohon tsarin da ya samo asali daga samfurin PC/AT da kamfanin IBM ya fitar a 1984, layukan 16 ne kacal, daga 0 zuwa 15, kuma mafi yawansu da masu su: 0 na agogon ciki, 1 na madannai, 14 da 15 na faifan ajiya. Ragowar ba sa isa, dole a yi tarayya.

Tarayyar ba laifi ba ce. Ramukan PCI, waɗanda suka zo a 1993, an ƙera su ne domin katuna su iya haɗa layi guda. Kamar maigida ne da yara huɗu a shago amma ƙararrawa ɗaya: in ta kaɗa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya kira. Matsalar tana tasowa ne idan manhajar da ke tuƙa wani kati, wato direbansa, ba ta da kyau. Katin ya kira, direban ya ce ba nasa ba ne, ƙararrawa ta ci gaba da kaɗawa, maigida ya kasa komawa kan aikinsa. Daskarewar ke nan.

To, yaya za a gane? A fara kawar da zargin zafi, domin ƙurar hunturu tana toshe fanka, ita ma tana kawo irin wannan tsayawar. In ciki fes yake, a Windows XP sai a buɗe Run a rubuta msinfo32, a shiga Hardware Resources, sannan Conflicts/Sharing. Nan za a ga waɗanda ke layi ɗaya. Kada a firgita in an ga na'urori biyar ko shida sun taru a layi na 9 ko na 11. A tsofaffin injuna haka Windows 2000 da XP suka saba yi. Abin lura shi ne ko waɗanda ke kawo tsayawar su ne ke tarayya. Mai amfani da Linux zai ga nasa jerin a /proc/interrupts.

Magani mafi araha shi ne sukudireba. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a cire katin da ake zargi, na sauti ko na intanet, a mayar da shi wani ramin, domin ramukan ba layi ɗaya aka ja musu ba. In ba ta daina ba, a shiga BIOS a rufe abin da ba a amfani da shi, kamar kafofin COM da tsohuwar kafar firinta, don layuka 3 da 4 da 7 su samu sarari. Sannan a nemo sabon direba. A riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Gaggawar goge faifai a sake zuba Windows, wadda wasu masu gyara suka fi so, takan cinye lissafin bashin mutum, cutar kuma tana nan.

Injunan da ke da PCI Express, waɗanda suka shigo kasuwa daga 2004, ba su cika wannan ciwo ba, don yawancin katunansu saƙo suke aikawa maimakon jan layi. Saboda haka mai sarin kaya ya buɗe murfi ya dubi ramukan kafin a yi ciniki, ya kuma jona firinta, ya kunna sauti a gaban dillali.