Hannun da ke Cikin Tsohon Hoto

A hutun ƙaramar Sallah na je gida Basirka, inda aka ɗora mini aikin tantance takardun marigayi mahaifinmu. A ƙasan wata adaka na tarar da hotonsa na samartaka, wanda aka ɗauka a Kano. Yana tsaye, ya miƙo hannun hagu domin agogo ya fito, na dama kuma ya ɗora shi a kan rediyo. Baffana ya yi dariya, ya ce rediyon ta mai hoto ce, agogon kuwa aro ne.

Sai na tuna da katunan 'yan wasan besbol na Amurka. Tsakanin 1886 da 1890, kamfanin Goodwin ya riƙa sanya ƙananan hotunan 'yan wasa cikin kwalin sigarin Old Judge. Akasarinsu a ɗakin hoto aka ɗauke su: a rataye ƙwallo da zare, ɗan wasa ya buɗe hannu kamar zai cafke. Shiri ne, amma ta shirin ake gane yadda mutum yake so a gan shi. Jefferson Burdick ya tara dubban katuna ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, kuma a 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6.

Ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Mu ma hotunanmu cike suke da ishara: jinjinar mahayi ranar hawa, ɗan dambe da ya ɗaga hannun da aka naɗe da kara, amarya da ta sunkuyar da kai don kunya, alhaji da ya yi murmushi domin haƙorin Makka ya bayyana. Hotuna irin na mahaifina ne Seydou Keïta ya ɗauka a Bamako, da rediyon aro da komai, yau ga su a manyan gidajen tarihi na duniya.

Zanen shanu na Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya daɗe saboda dutse ya riƙe shi. Takarda kuwa gara da damina ke cinye ta. Ina ganin ya kamata jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa su tura ɗalibai gida-gida su kwafi waɗannan hotuna, su rubuta sunaye tun dattawa na raye. A wani hoton da na samu akwai mutum biyar. Baffa ya gane uku, sauran biyun ya ce sun ɓace masa.