Daga Bola zuwa Tsakar Gida: Haɗa Kayan Motsa Jiki da Tsofaffin Kaya

A birnin Kiev na ƙasar Yukren, a gaɓar kogin Dnipro, akwai wani filin motsa jiki da ake kira Kachalka. Tun shekarun 1970 aka soma haɗa shi, kuma na'urorinsa, da suka kai kimanin 200, da tsofaffin ƙarafa aka ƙera su: sarƙoƙi, kayan manyan motoci da tarkacen masana'antu. Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Damagaram ba ka ga gwangwani biyu cike da kankare an soka musu bututu ba, samari na ɗagawa da yamma suna cewa suna "ɗaga ƙarfe", alhali rabin abin siminti ne.

Dabarar tana da kyau, domin tsoka ba ruwanta da kuɗin da aka sayi abu, nauyinsa kawai take ji. Inda ake samun matsala shi ne yawancin masu haɗawa ba su san ko kilo nawa suke ɗagawa ba, kuma abin da suka haɗa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Shi kuwa ƙarfin jiki da ƙari kaɗan-kaɗan yake ginuwa. Wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa zai ƙare da ciwon baya, wanda kuma ya dawwama a kan nauyi ɗaya zai tsaya cak bayan 'yan watanni.

Shi ya sa a ganina jarka ta fi gwangwanin siminti daraja, duk da cewa ba ta da kwarjini a idon samari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarka mai cin lita 25 ma'auni ce da kanta: ka zuba lita 8 wannan makon, ka ƙara 2 idan jiki ya saba, har ka cika ta. Ga mariƙinta a shirye. Ana iya ɗaukar biyu a yi tafiya da su a tsakar gida, ko a rungumi ɗaya a ƙirji a riƙa tsugunawa ana miƙewa. In ba a cika ta ba ruwan yana kaɗawa, sai ciki da kwankwaso su yi aikin daidaita jiki, kuma wannan riba ce. Sai dai a guji jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na kashe ciyawa, komai wankin da aka yi mata.

Yashi ya fi ruwa nauyi, busasshensa yakan kai kilo ɗaya da rabi a kowace lita. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, in aka ɗura mata yashi, za ta haura kilo 2, kuma ta ishi dattijo ko matar da ke son ƙarfafa hannu da kafaɗa ba tare da ta fita ko'ina ba. (Iyayenmu mata da daka da jan guga suke samun wannan aikin, injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa rayuwa, sun kuma tafi da shi.) A buhun shinkafa kuwa, a ƙuƙƙulla yashin cikin ledoji ƙanana tukuna, yadda za a iya cirewa ko ƙarawa, kuma ƙura ba za ta riƙa fita ba.

Wanda ya nace sai kankare, to ya yi lissafi. Lita ɗaya ta kankare tana kusan kilo 2.4, don haka gwangwanin fenti mai lita 4 zai ba da kilo 9 da ɗoriya. A cika gwangwanayen biyu da kwaɓi ɗaya, a kuma ɗora kowanne a sikeli, domin bambancin kilo ɗaya tsakanin dama da hagu kafaɗa ce ke biyansa. A huda bakin bututun a gicciya ƙusoshi ko guntun rodi kafin a zuba, in ba haka ba wata rana gwangwanin zai zame ya faɗo kan ƙafa. Sannan haƙuri: a riƙa jiƙa shi kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kamar yadda kowane magini ya sani. Mai ɗan hali ya leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya tari baban bola, ya sayi tsofaffin faya-fayen birkin mota. Ƙarfe ya ninka kankare nauyi fiye da sau uku, ga huda a tsakiya, mai walda kawai zai sa matoshi. Dalmar tsohon batir kam guba ce, kada a kusance ta.

Tsohuwar taya ana jan ta da igiya, ana kifa ta, ana hawa da sauka a kanta, kuma kowacce aka yi amfani da ita an rage wadda za a ƙona a cika unguwa da baƙin hayaƙi. A dai huda ta, kada ruwan damina ya kwanta sauro ya samu gida. Robar cikin tayar keke kuma ana ɗaure ta a ginshiƙi a riƙa ja, amma a duba ko ta fara tsagewa kafin ta tsinke a fuska.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kowa ya riƙa fitar da numfashi yayin ɗagawa, kada ya riƙe shi.