BINDIGAR TOKA: IN KUNAMA TA YI GARDAMA, MAƘERA ZA A NUFA

Kurudu gari ne da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, gaba da Karu da Jikwoyi, cikin Birnin Tarayya. Kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta keɓe wannan yanki a 1976, daji ne da duwatsu da gonakin Gbagyi da Gwandara suka kewaye shi. Tun da aka dawo da babban birni Abuja a Disamba 1991, gidaje suka yi ta cinye dajin, amma bindigar toka, watau harbi-ka-ruga, ba ta ɓace ba. Manomi na korar biri da gyazbi da ita, mafarauci na fita da ita da rani, 'yan sintiri kuma na riƙe ta da dare.

Asalinta daga bakin teku ne. Turawan Denmak da suka yi ciniki a gaɓar Ghana ta yau har 1850 suna cikin masu shigo da ita, shi ya sa mutanen Kudu ke kiranta da sunansu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushi. Da tafiya ta yi nisa sai maƙeranmu suka koyi ƙera ta, suka koma ga mai kaf, wadda ita ce ta fi yawa a yau.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Akwai 'yar guduma da sifirin mai ƙarfi ke turawa. In aka ɗana, wani ɗan haƙorin ƙarfe ne ke shiga gurbinsa ya riƙe ta. In aka ja kunama, haƙorin ya saki, gudumar ta sari kaf, wuta ta bi wani siririn rami ta iske albarushi. To, duk gardamar da bindiga za ta yi, a ɗayan waɗannan wurare take, ko da yake in ta ƙi tashi a gaban dabba wasu kan ce ai dabbar ce ke da asiri.

Abu na farko shi ne a ja kunama, guduma ta sauka, a ji shiru. In kaf bai fashe ba, ko dai ya sha danshi, ko sifirin ya gaji, ko kuwa kan da kaf ke zama ya baje saboda yawan sara. In kaf ya fashe amma bindiga ba ta amsa ba, to ramin wuta ne ya toshe, ko albarushi ya jiƙe. A Kurudu, inda ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, wannan shi ne ciwon damina. Tokar albarushi tana jan danshi, ta daskare a rami ta haifi tsatsa. Maganinta wanki da ruwan zafi bayan harbi, a busar sarai, a shafa mai kaɗan. Kaɗan ɗin nan wajibi ne, domin man da ya kwarara cikin ramin wuta shi ma kashe albarushi yake yi.

Na biyu shi ne kunama ta yi tauri, sai an ja da ƙarfi har baki ya kauce daga kan abin hari. Sau da yawa laifin ƙota ne. Itace kan kumbura da damina ya matse ƙarafan ciki, da hunturu kuma ya tsuke, kusoshi su yi lako-lako, ga ƙura ta haɗu da tsohon mai ta zama danƙo. A nan ne mai bindiga kan yi babban kuskure: ya ɗauki magagari ya goge haƙorin don ya yi laushi. Saman haƙorin ne kawai ke da tauri. Da an goge shi sai a bar ƙarfe mai taushi, wanda zai ci gaba da cinyewa a ɓoye.

Wannan ne ke kai ga na uku, wanda ya fi duka haɗari, watau bindigar da ke tashi ba a taɓa ta ba. Haƙori ya cinye, ba ya zama daram a gurbinsa, tuntuɓe ɗaya ko ramin hanya a kan babur ya isa ya sake shi. Wanda ke gaba a layin farauta shi ke kwana a ciki. Gwajinta a yi shi ne bindiga tana fanko: a ɗana, a tura gudumar da babban yatsa. In ta zame, to kada a sake ɗura mata komai sai maƙeri ya sauya haƙorin ya ba shi tauri a wuta.

Akwai kuma jinkirin tashi. Kaf ya fashe, wuta na ci a hankali cikin albarushi mai danshi, mai bindiga ya zaci ta ƙi, ya juyo da baki zai leƙa. Ido da yatsu da yawa sun tafi ta nan. Abin yi shi ne a bar baki yana duban inda ba kowa, a jira aƙalla minti ɗaya. Kada kuma a yi ɗuri a kan ɗuri. Mai hankali kan yi wa sandar ɗuri alama, da ya zura ta sai ya san ko akwai kaya a ciki. Bututun da aka yi da famfon ruwa ba ya jure ɗuri biyu, fashewa yake yi a hannu.

'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, musamman masu gadi da mafarauta, ya kamata su san cewa Dokar Bindigogi ta 1959 ta ambaci bindigar toka, kuma ta ɗora ba da lasin riƙe ta da izinin ƙera ta ko gyara ta a hannun 'yan sanda. Ba a manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025 ba, suna hanyar komawa Kano da bindigoginsu. Duk mai tafiya da bindiga ya riƙe takardarsa, ya kuma tabbata ba ɗuri a ciki.

Kuɗin sauya haƙori ko sifirin bai kai kuɗin asibiti ba, balle diyyar rai. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye, amin.